Yadda Ake Kyautata Rayuwar Wanda Ya Samu Rauni a Ƙwaƙwalwa Bayan An Sallame Shi Daga Asibiti

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa a kan wannan batu ita ce: an sallamo mana mara lafiya, an ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, yanzu me za mu yi masa a gida? Wasu mahaifinsu ne hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye. Wasu ƙanensu ne ya bugu a ka a hatsarin babur ko adaidaita sahu. Akwai waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka ya taɓa musu yaro, da waɗanda hayaƙin janareto ya sumar da ɗan uwansu a cikin ɗaki, da iyayen yara masu sikila waɗanda jini ya toshe musu a ƙwaƙwalwa. Sanadin ya sha bamban, amma aikin da ke jiran iyali a gida kusan iri ɗaya ne.

Sauƙi ya fi saurin samuwa a watanni uku zuwa shida na farko, don haka bai kamata a yi wasa da wannan lokaci ba, sai dai ba a nan yake tsayawa ba, domin mutum yakan ci gaba da farfaɗowa har tsawon shekaru idan ana yi masa abin da ya dace. Kuma ba tafiya da ƙafa kaɗai ake nema ba. Abin da ake nema shi ne majinyaci ya koma yana yi wa kansa duk abin da zai iya, ana shawara da shi, yana da matsayinsa a gida da unguwa. Matakan da ke tafe a kan wannan aka jera su, kuma duk abin da aka faɗa game da namiji ya shafi mace.

1. Kafin a bar asibiti

A sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, a ware mutum ɗaya a cikin iyali mai iya karatu da rubutu ya zama shi ne mai riƙe da shi. Tun kafin a naɗe kaya, wannan mutum ya zauna da likita ko ma'aikaciyar jinya ya rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi: wane irin rauni ne, jini ne ya toshe ko jijiya ce ta fashe ko buguwa ce; wane ɓangaren ƙwaƙwalwa ya shafa; an gwada haɗiyarsa ko ba a gwada ba; kowane magani na mene ne, kuma har yaushe za a sha shi; wace rana za a dawo ganin likita. A nemi takardar sallama da takardar turawa sashen gashin ƙashi, a kuma karɓi hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka tare da bayaninsa, a adana su cikin jaka ɗaya a inda ruwa ba zai taɓa su ba. Sake ɗaukar hoton kuɗi ne mai yawa, kuma likitan da zai ga majinyaci nan gaba yana buƙatar na farkon domin ya kwatanta.

Idan za a tafi gida da robar fitsari ko robar abinci ta hanci, kada a fita sai an koya wa mutum biyu yadda ake kula da ita, sun yi da hannunsu a gaban ma'aikaciyar jinya, an kuma rubuta ranar da za a canza ta.

Hattara: kada kunya ko ganin likita yana sauri ya hana a yi tambaya. Yawancin kurakuran da ake tafkawa a makon farko daga rashin sani suke fitowa.

2. Gyaran ɗaki da banɗaki, da inda kuɗi ya kamata ya fara zuwa

A ba majinyaci ɗakin da ke ƙasa, mai iska da haske, kusa da banɗaki, kuma inda zai riƙa jin motsin gida. Kai shi can ƙurya don kada baƙi su gan shi babban kuskure ne, domin kaɗaici yana kashe zuciya. Gado ya fi katifar ƙasa, saboda ɗaga babban mutum daga ƙasa yana raunata bayan mai jinya da kafaɗar majinyaci. Tsayin da ya dace shi ne wanda idan ya zauna a bakin gadon tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. A kawar da tabarmar da ke naɗewa, da wayoyin wuta, da takalman da ake bari a bakin ƙofa, a ajiye fitila mai caji kusa da kansa saboda ɗaukewar wuta da dare.

Banɗaki yana cikin wuraren da aka fi faɗuwa. Masai na tsuguno ba ya yiwuwa ga wanda ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarsa, don haka a nemi kujerar bahaya mai rami, ko a sa kafinta ya huda kujera mai ƙarfi a ɗora ta a kai. Mai walda na unguwa zai iya kafa ƙarfen dafawa a bango da kuɗi kaɗan, a kuma sa kujerar roba don wanka a zaune.

Game da kuɗi, ga jerin da nake ganin ya fi amfani: magani na farko, sannan kuɗin zuwa gashin ƙashi da na motar da za ta kai shi, sannan na'urar awon hawan jini, sannan kujerar bahaya da ledar shimfiɗa da kunzugun manya idan ana buƙata. Keken guragu da sandar dogarawa mai ƙafa huɗu kada a saye su sai likitan gashin ƙashi ya faɗi irin da girman da ya dace, kuma sau da yawa ana samun aro a dangi. Katifa mai iska tana taimakawa wanda ba ya iya juyawa, amma da wutar lantarki take aiki, sai a yi lissafin wannan kafin a kashe kuɗi a kanta. Ma'aikacin gwamnatin jiha da iyalinsa su bincika abin da ke cikin tsarinsu na hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, wato KSCHMA, na tarayya kuma a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, tun kafin a fara sayar da kadara.

3. Ci da sha

Raunin ƙwaƙwalwa yakan taɓa haɗiya, sai abinci ko ruwa ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya haifar da namoniya, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da irin waɗannan majinyata asibiti. Saboda haka ba a ciyar da shi a kwance, ba a kuma ciyar da shi yana gyangyaɗi. A zaunar da shi tsaf, a tokare bayansa da filo, kansa ya ɗan sunkuya gaba, a kashe rediyo, a daina yi masa hira. A ɗebi rabin ƙaramin cokali a kai ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira a ga maƙogwaronsa ya motsa, sannan a ƙara. Idan an gama a duba cikin kuncin da ya shanye, domin abinci yakan maƙale a nan bai sani ba, a wanke masa baki, a bar shi a zaune na aƙalla minti 30.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ruwa tsinkakke ya fi saurin sarƙe irin wannan majinyaci fiye da abu mai ɗan kauri. Kunu mai kauri, da fate, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, da fura da aka dama ta yi sumul, da dankalin da aka murƙushe sun fi sauƙin wucewa. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dambu, tsire da shinkafa mai warwara a dakata da su sai haɗiya ta daidaita. Duk da haka dole ya samu isasshen ruwa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da Kano kan haura digiri 40. Fitsari mai duhu da ƙarfin wari alama ce ta ƙarancin ruwa.

Hattara: tari lokacin cin abinci, ko murya ta koma kamar mai kurkure, ko zazzaɓi bayan sarƙewa, duk dalilai ne na dakatawa a koma wurin likita. Wannan ya haɗa da ruwan rubutu da ruwan tofi da tsimi: wanda aka ce kada a ba shi komai ta baki, kada a ɗura masa su.

Ga mai hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafin. Citta, tafarnuwa, albasa da masoro suna gyara miya ba tare da sun ta da jini ba.

4. Kwanciya da kula da fata

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a rubuta lokacin a littafi domin masu karɓa-karɓa su san inda aka tsaya. Kowace safiya a duba dunduniya, kwankwaso, ƙasan baya, gwiwar hannu da ƙeya. Wurin da ya yi ja ko ya fi sauran fata duhu, ya yi zafi ko tauri, farkon gyambon kwanciya ne: a ɗauke masa nauyi nan take, kada a murza shi. A riƙa sa filo tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin hannun da ya shanye, a canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe.

Hattara: kada a taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye ko cusa hannu a hammatarsa. Kafaɗar ba ta da naman da zai riƙe ta, tana iya gocewa, kuma ciwon yakan hana motsa hannun har tsawon watanni. A riƙe shi ta ƙugu da baya.

5. Magani da awo

A sayi akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai, a cika shi rana ɗaya a mako, a sa ƙararrawar waya ta riƙa tunatarwa. A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, ko 'ya'ya ke karɓar jinya bi da bi, littafin ya riƙa bin mai aikin ranar, duk wanda ya ba da magani ya sa alama, domin a nan ne ake samun a ba shi sau biyu ko a tsallake gaba ɗaya. A sayi magani a kantin da ke da mai harhaɗa magunguna mai rajista, a sabunta tun saura na mako guda.

Awon jini a yi shi da na'urar da ake ɗaurawa a damtse, bayan ya zauna shiru na minti biyar, a rubuta lambobin biyu da kwanan wata. Likitoci da dama suna son na wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80, amma likitansa ne zai yanke masa nasa.

Hattara: jini ya sauka ba yana nufin an warke ba, maganin ne ya saukar da shi, kuma dainawa tana cikin manyan dalilan sake faɗuwa. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi farat ɗaya. Asfirin yana taimakon wanda jini ya toshe masa, yana iya cutar da wanda jijiya ta fashe masa, don haka ba a karɓarsa daga maƙwabci don an ce ciwon iri ɗaya ne. Tiramadol na iya ta da jijjiga. Wanda ke shan maganin tsinka jini a nisantar da shi daga ƙaho da tsaga. Mace mai shekarun haihuwa ta gaya wa likita idan tana son ɗaukar ciki ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu magungunan farfaɗiya suna cutar da ɗan tayi, wasu kuma suna rage ƙarfin ƙwayar.

6. Gashin ƙashi da aikin gida

Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Murtala, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa. A zaɓi wanda zuwansa zai ɗore, domin na kusa da ake zuwa kowane mako ya fi na nesa da za a gaji da shi a wata guda. Idan kuɗin mota ya yi nauyi, a faɗa wa likitan gashi gaskiya, ya rage yawan zuwa ya ƙara aikin gida. Mai jinya ya shiga tare da majinyaci, ya nemi izini ya ɗauki bidiyon motsin da waya, a riƙa maimaita shi kullum, sau biyu ko uku na ɗan gajeren lokaci maimakon sau ɗaya mai tsawo. Ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyon aiki.

A nan ne tausayi kan yi ɓarna. Idan Hajiya ta miƙa hannu tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali, hannun yana rawa, 'yarta takan yi wuf ta karɓa ta ce, "Bari in yi miki, Umma." Wannan ƙoƙarin da aka katse shi ne maganin. Abin da ya dace shi ne a tsaya kusa, a yi haƙuri, a taimaka a wurin da ta kasa kawai. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa a fara da mai lafiya. Jan carbi, tsinke zogale, naɗe sallaya da riƙe kofi duk motsa jiki ne.

Hattara: gashi da tawul da ruwan zafi, wanda aka saba yi a gidajenmu, yana ƙona fatar da ba ta jin zafi ba tare da majinyaci ya ce uffan ba. Haka zama kusa da garwashi lokacin hunturu. Duk ruwan da zai taɓa shi, mai jinya ya fara gwadawa da gwiwar hannunsa. Kuma ba a miƙar da gaɓar da ta ƙage da ƙarfin tsiya.

7. Raunin da ido ba ya gani

Wannan shi ne matakin da ya fi wahalar da iyalai, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Mutum zai iya tashi yana tafiya lafiya lau, jama'a suna ta yi masa barka, alhali a gida an san ba shi ba ne na da.

Na farko gajiya ce. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni kamar tsohon batirin waya take: da safe a cike, kafin azahar ta sauka, kuma hayaniya da hira sun fi aikin ƙarfi cinye ta. Ba lalaci ba ne. A sa muhimman abubuwa da safe, a ware masa hutu bayan azahar, a tsayar da lokacin barci da na tashi. Dubiya ibada ce, amma ɗaki cike da mutane daga safe har isha yana mayar da majinyaci baya. A naɗa dattijo ɗaya a gidan da zai iya cewa da baƙi, cikin girmamawa, "Alhaji ya ɗan kwanta, sai bayan la'asar in Allah ya kai mu," a riƙa shigar da mutum biyu ko uku na ɗan lokaci.

Na biyu mantuwa da rikicewar tunani. A ɗora tsarin yini a kan lokutan salla, domin su ne agogon da ya fi zama a zuciyarsa: magani bayan asuba, motsa jiki da hantsi, hutu bayan azahar, fita ƙofar gida bayan la'asar. Hula, tabarau, waya da carbi kowanne ya samu wurinsa da ba ya canzawa. A rataye kalanda mai manyan lambobi. A ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Kada a riƙa jarraba shi a gaban mutane da "Wane ne wannan? Ka gane shi?" Wanda ya shigo ya faɗi sunansa da kansa.

Na uku magana. Wanda raunin ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, wato wanda yawanci damansa ce ta shanye, kalmomi kan ɓace masa, ko ya faɗi wata a maimakon wata. Sau da yawa hankalinsa yana nan, yana jin zafin duk abin da ake faɗa a kansa. Kada a ɗaga masa murya kamar kurma, kada a yi masa maganar yara, kada a tattauna ciwonsa a kansa kamar ba ya wurin. A fuskance shi, a yi gajeren zance, a ba shi zaɓi: "Baba, kunu ko shayi?" tare da nuna kowanne, sannan a jira, ko da jiran ya yi tsawo. Abin da aka haddace tun ƙuruciya, kamar Fatiha da gajerun surori da ƙirge da gaisuwa, yakan fito ko a lokacin da sauran magana ta ƙi, kuma karanta su tare yana ƙarfafa masa gwiwa. Masu koyar da magana ba su da yawa, amma a tambaya a asibitin koyarwa. Wanda kuma hagunsa ta shanye yakan manta da duk abin da ke wannan ɓangare, har ya cinye rabin kwano ya bar rabi. A riƙa zama ta hagunsa ana jawo hankalinsa can.

Na huɗu sauyin hali, musamman ga wanda ya bugu a goshi. Mai haƙuri ya koma mai saurin fushi, mai kunya ya riƙa faɗin abin da bai dace ba, wani ya yi kuka ko dariya babu dalili, wani ya zauna yini guda bai ce zai yi komai ba. A nan ne ake fara zancen sammu ko shafar aljanu, a wasu gidajen ma har a zargi kishiya ko abokin kasuwa, zumunci ya lalace a banza. Raunin ne. Addu'a da ruƙiyya ba su hana magani ba, amma duka, ɗauri da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki zalunci ne ga mara lafiya. Idan fushi ya taso kada a yi musu da shi, a rage hayaniya, a canza zance ko a ba shi wuri, daga baya a rubuta abin da ya jawo. Sau da yawa za a tarar gajiya ce, ko yunwa, ko ciwo, ko cikar mara.

Hattara: kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki yana kamuwa da ciwon damuwa. Idan ya yi mako biyu yana ƙin abinci, yana ƙin motsa jiki, yana cewa ya zama kaya, a gaya wa likita, domin ciwo ne mai magani ba raunin imani ba. Idan ya ambaci kashe kansa, a ɗauke magunguna da fiya-fiya da wuƙaƙe daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa da asibitin Dawanau.

8. Idan jijjiga ta zo

A duba agogo, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, idan ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko manja. Yawunsa ba ya yaɗa cutar. Idan ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko kuwa wannan ce ta farko, a tafi asibiti. Mai jijjiga ba ya zama shi kaɗai kusa da murhu ko bakin rijiya, ba ya kuma kulle ƙofar banɗaki ta ciki.

9. Ibada da shiga jama'a

Rasa salla a tsaye yana cikin abin da ya fi damun majinyata, don haka a gayyato malamin da yake girmamawa ya tunatar da shi sauƙin da addini ya yi: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, ga kuma taimama ga wanda ruwa zai cutar. Azumi kuwa a tambayi likita tun a watan Sha'aban, musamman ga mai shan maganin farfaɗiya ko na suga, sannan a tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

Fita a fara ta daga ƙofar gida, sannan masallacin unguwa a sallar da ba ta da cunkoso, sannan majalisar abokansa. Juma'a da ɗaurin aure su zo daga baya. A ci gaba da kawo masa shawarar gida, irin ta auren 'ya ko sayen hatsi, ko da ba shi ne zai zartar ba. Ma'aurata kuma su sani sha'awa na iya raguwa ko ƙaruwa bayan raunin, kuma abu ne da ake tambayar likita ba tare da jin nauyi ba.

10. Sana'a, makaranta da dukiya

Ɗan kasuwar da ke son komawa shagonsa a Kwari ko Singa kada ya fara da yini guda. Ya je awa biyu da safe, kwana biyu a mako, tare da amintaccen yaro, ya fara da gaisawa da abokan ciniki kafin ya karɓi lissafi. A gwada shi a gida tukuna: a ba shi kuɗi a ce ya fitar da canji, a ga yadda zai yi. Idan lissafi ko hukunci ya taɓu, katin banki da lambar sirri su koma hannun mutum ɗaya da aka amince da shi, a rubuce kuma a gaban shaidu, a riƙa nuna wa mai dukiyar abin da ya shiga da wanda ya fita, a bar masa kuɗin aljihu da zai yi sadaka da kyauta da hannunsa. Kada a sa shi sayar da gida ko sa hannu a takarda a wannan hali.

Ma'aikacin da ya ji raunin a bakin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, ya binciki haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da ita, kuma a sanar da wurin aikin a rubuce da wuri. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta a ware mutum saboda nakasarsa.

Yaro kuwa a mayar da shi makaranta da rabin yini, a yi wa malaman boko da na Islamiyya bayani, a roƙe su kada su doke shi kan mantuwa ko jinkirin hadda. Wanda ya yi sanƙarau a gwada jinsa, domin cutar takan taɓa kunne. Wasu matsalolin yaro ba sa bayyana sai karatu ya yi nauyi bayan shekaru, don haka a ci gaba da lura.

Hattara: tuƙin mota, babur ko adaidaita sahu, da hawa gini, da aiki da inji, duk sai likita ya ba da izini, ko da majinyaci ya rantse ya warke. Rashin ganin kasawar kai yana cikin alamomin raunin.

11. Mai jinya

Yawanci nauyin yakan faɗa kan mace ɗaya, mata ko 'ya, har ita ma ta kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi zaman dangi tun a makon farko, a raba aiki da suna da rana: mai kwana, mai kai wa asibiti, mai sayen magani, mai ba da kuɗi duk wata. Wanda ke nesa ya ɗauki nauyin wani abu takamaimai. Mai jinya ta samu aƙalla yini ɗaya a mako da za ta fita ta huta, a kuma riƙa auna nata jinin da na'urar da ke gidan.

12. Alamomin da ba a jira da su

A tafi sashen gaggawa na babban asibiti nan take idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta harɗe, ko gani ya ɗauke, ko ciwon kai mai tsanani ya zo farat ɗaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya ko wahalar numfashi, ko wani ruwa garai-garai yana fita ta hanci ko kunne bayan buguwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Dattijon da ya faɗi ya bugi kansa, ko da ya tashi lafiya, idan bayan makonni ya fara rikicewa ko jan ƙafa, jini ne mai yiwuwa yake taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, kuma ana iya cire shi da tiyata.

A rubuta lokacin da alamar ta fara, domin maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Kada a tsaya a kemis, kada a ba shi abinci ko ruwa ko ƙwaya a hanya, kada a ce a bari gari ya waye. Tun yau a ajiye lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahun da zai amsa kira da tsakar dare, a manna ta a bangon ɗakin, a kuma ware kuɗin mota da na kati a cikin jakar takardun asibiti.